NA SAYAR DA MATACCEN BATIR, SHIN HAKKI YA BAR WUYANA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Yau ina so mu tattauna wata mas'ala da ba kasafai ake jin ta a kan mumbari ba, alhali da wuya a sami gidan da ba ta shiga ba. Mutum yana da batirin sola ko na inbata, ya yi masa aiki shekara biyu ko uku, ya mutu. Ɗan gwangwan ya zo wucewa da kurarsa, aka ɗora a sikeli, aka yi ciniki, aka biya. A zahiri babu abin cewa: kayanka ne, ka sayar, mai saye ya yarda. To amma abin da zai biyo baya fa? Idan yaron nan ya je bayan layi ya fasa batirin da gatari, ya tuttule ruwan a kwata, ya narka dalmar a inda yara ke wasa, kana da rabo a cikin wannan cutarwa, ko hakki ya bar wuyanka tun lokacin da kuɗi suka shiga aljihunka?

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi. Don haka bari mu fara da sanin abin da ke cikin tarkacen.

Batirin mota, na Keke Napep da yawancin na sola da muke amfani da su, fiye da rabin nauyinsu dalma ce, ruwan cikinsu kuma asid ne mai ƙona fata. Tsohuwar talabijin mai ƙeya, gilashinta akwai dalma a ciki. Dogon ƙwan fitila fari, idan ya fashe yana sakin tururin zaiba. Wayar wuta da ake cinna wa wuta don a cire jan ƙarfen ciki, robar da ke jikinta tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke shiga huhu, tokar kuma ta zauna a ƙasa. Batirin wayar hannu idan ya kumbura ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta.

A cikin waɗannan duka, dalma ce ta fi ba ni tsoro, saboda ba ta ruɓewa. Ɓawon ayaba in ka yar, bayan 'yan makonni ya zama taki. Dalma kuwa in ta shiga ƙasa tana nan shekara da shekaru, tana tashi cikin ƙura, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kaɗan daga cikinta yana rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Mai yawa yana kawo jijjiga, suma, har mutuwa. Tana taruwa a ƙashi, mai juna biyu kuma tana iya miƙa ta ga abin da ke cikinta. Sai ka ga yaro yana ta jijjiga, a ce iska ce, a yi ta hayaƙi da tofi, alhali gwajin jini ne zai nuna abin da ke damunsa.

Wannan ba tsoratarwa ce kawai ba. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, mutane sun daɗe suna fasa tsofaffin batura suna cire dalma. Da farashinta ya tashi, sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin suna tsince ɓurɓushin da ya rage, har suna ɗauko ƙasar a buhu zuwa cikin gida. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu a unguwar. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema wa yaran da suka rasa. Mu ma a nan mun ga abin da dalma ke iya yi. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara. Can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje gubar ta fito, amma ita ce dai dalmar da ke cikin batirin da ke ajiye a zaurenka.

Kuma tarkacen ƙaruwa yake yi. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani ɓangare na saura yana biyo jiragen ruwa zuwa tashoshinmu da sunan gwanjo, ya sauka Legas, ya shiga Alaba da Computer Village, ya hau tirela ya iso arewa. A cikinsa akwai mai aiki, akwai wanda tun daga can gawa ne. Manyanmu suna tuna abin da ya faru a garin Koko a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a filin wani bawan Allah. Shekara guda bayan haka aka ƙulla yarjejeniyar Basel a kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, a 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako. Dokoki suna nan a rubuce, kaya kuma ba su daina shigowa ba.

To mu dawo kan tambayarmu.

A fiƙihu ana rarrabe mutum biyu: wanda ya aikata ɓarna da hannunsa, shi ne mubashir, da wanda ya zama sanadinta, shi ne mutasabbibi. Idan suka haɗu, galibi wanda ya yi da hannunsa ake ɗora wa biyan abin da ya lalace. Wani zai ji wannan ya ce, alhamdu lillahi, ni dai sayarwa na yi, wanda ya fasa shi ya sani. A'a ɗan uwa, kada ka yi saurin murna. Wannan ƙa'ida magana take yi a kan wanda alƙali zai sa ya biya. Hisabin da ke tsakaninka da Allah yana bin abin da ka sani da abin da kake da ikon yi. Shi ya sa malamai, musamman na mazhabar Malikiyya da suka ƙarfafa toshe hanyar da ke kaiwa ga ɓarna, suka hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi, suka hana sayar da makami ga wanda ka san fitina zai yi da shi. Inabi halal ne, ciniki halal ne, sanin da ke zuciyar mai sayarwa ne ya canza hukuncin.

Sai dai a nan dole mu yi adalci, kada mu ɗauki misali mu kifa shi yadda bai dace ba. Ɗan gwangwan ba mai matsar giya ba ne. Sana'arsa asalinta halal ce, har ma tana da amfani: yana kwashe abin da zai toshe mana magudanan ruwa, yana mayar da ƙarfe inda za a sake amfani da shi, yana cin guminsa bai roƙi kowa ba. Matsalar tana cikin yadda ake aikin. Don haka ba zan ce sayar masa da mataccen kaya haramun ne kai tsaye ba. Abin da nake gani shi ne, nauyin yana hawa yana sauka gwargwadon sani. Wanda bai taɓa jin cewa akwai guba a ciki ba, muna fatan Allah Ya yi masa uzuri. Wanda ya sani, amma duk garin babu wata hanya sai wannan, ya yi iya abin da zai iya na rage cutar. Wanda kuwa ya sani, ga dila da ke karɓar tsohon batir a rufe ba a fasa ba, amma ya zaɓi mai fasawa a bayan gidajen mutane saboda ya ɗara masa naira dubu biyu, wallahi ina jin tsoron wannan dubu biyun.

Ku dubi yadda shari'a ta ɗauki abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. Ya ba da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya kawar da reshen ƙaya daga kan hanya. Fitsarin nan fa rana tana busar da shi, ruwan sama ya wanke. In an hana wannan, me za a ce da ruwan batir a kwatar da ke bi ta kusa da rijiyar unguwa? Malamai sun ce wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a, wani ya faɗa ya karye, shi zai biya, ko da a lokacin yana gida yana barci. Nisan da ke tsakaninka da wanda ya cutu ba ya wanke ka. Guba dai ramin ne da ba a gani da ido, wanda zai faɗa kuma wataƙila ba a ma haife shi ba tukuna.

Na san wani zai ce: Malam, a wannan hali da ake ciki, yaron da bai karya ba za ka ce ya damu da hayaƙi? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. A Agbogbloshie ta birnin Accra, inda samari da yawa daga arewacin Ghana suka shafe shekaru suna ƙona wayoyi, hukuma ta rushe wurin a 2021. Tarkacen bai ƙare ba, masu aikin suka watsu zuwa wasu wurare, wasu ma suka ƙara matsowa kusa da gidaje. Kora ita kaɗai ba ta magance komai. Amma talauci ba ya mayar da guba ta zama ba guba ba. Lalura tana sassauta wa wanda ke cikinta, ba ta sassauta wa mai kuɗin da ke zaune a shago yana sayen dalmar da yara suka narka da huhunsu, ya loda a mota, bai taɓa saya musu ko safar hannu ba. Mafi girman hakkin yana kan wanda ya fi cin ribar kuma ya fi ikon gyarawa. Samar da wurin tattarawa da sarrafa irin waɗannan kaya ba tare da cutar da jama'a ba, a fahimtata farali ne na kifaya: in babu wanda ya tsaya da shi, duk masu iko sun shiga laifi. Hukumar NESREA tana da dokoki a kan kayan lantarki tun 2011, saura aiwatarwa, saura kuma attajiranmu su gane cewa zuba jari a nan ma hanyar lada ce.

Akwai wasu mutum biyu da ba zan tsallake ba. Na farko ɗan kasuwar da ya san wayar nan ko firjin nan saura ƙiris ya mutu, ya goge shi ya ce sabon shigowa ne. Mun san ƙissar da Annabi (SAW) ya tura hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai kayan a kan ɓoye aibi, ya barranta daga mai algus. Wanda ya sayar wa talaka gawar kaya ya cuce shi sau biyu: ya karɓe kuɗinsa, ya bar masa shara. Na biyu kuwa mu ne, masu canza waya duk shekara ba don ta lalace ba, sai don abokinmu ya sayi sabuwa. Wannan almubazzaranci ne da ya sa sabuwar riga. Wayar da mai gyara a Farm Centre ko Beirut zai tayar da ita da kuɗi kaɗan, gyaran ya fi.

Abin da ke hannunmu ba shi da wahala. Kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa, a ajiye shi a tsaye inda yaro ba zai kai ba har a mayar wa dila. Kafin ka sayar, ka tambaya: ina ake kai shi? Tambayar kanta tana sa mai saye ya san ana lura. Kada a ba yara matattun batura da kayan cikin rediyo su yi wasa, domin baki suke kaiwa. 'Yan uwanmu masu sana'ar gwangwan, ku feɗe waya da wuƙa maimakon ƙonawa, kada ku ci abinci a wurin aiki sai kun wanke hannu da sabulu, ku canza kaya kafin ku shiga gida ku ɗauki 'ya'yanku. Kwamitocin masallatai kuma, mu da muka cika rufin masallatai da sola, mu ne ya kamata mu fara. Bai dace batirin da ya haskaka mana sallar Tahajjud ya ƙare a kwatar maƙwabcin masallaci ba.

Ciniki yana fitar da kaya daga mallakarka, wannan babu saɓani. Amma muddin ka san inda cutar za ta sauka kuma kana da ikon kauce mata, amanar tana nan a wuyanka. Dukiya za a tambaye mu ta ina muka samo ta, a ina muka kashe ta, kuma ina ganin ragowar da muka yar ma tana cikin lissafin.

Allah Ya sa mu zama mabuɗan alheri, Ya tsare 'ya'yanmu daga cutar da muka sani da wadda ke ɓoye, Ya yi albarka a sana'ar duk mai neman halal. Wallahu a'alam.