"Gonata ce": me muke nufi in mun ce nawa?

Bara, bayan sadakar arba'in ta babanmu a Maijirgi, yayana ya ce zai sayar da rabonsa na gona ya yi kuɗin mota zuwa Agadas. Inna ta hana. Ya ce, "Inna, gonata ce fa." Ta ce, "Kai ma ɗana ne. Ka ga na kai ka kasuwa?" Kowa ya yi shiru. Ni dai maganar ta bi ni har lakkwal a Tasawa.

Na ba wani abokina Kirista labari, wanda babansa ya yi karatun Littafi Mai Tsarki. Ya ce ai da Girkanci aka fara rubuta Sabon Alkawari, kuma a can "nawa" ba kalma guda ba ce. Akwai "mou", ƴar ƙarama da ke bin suna, kamar -na da -ta namu. Da ita mutum ke cewa gidana, da ita yake cewa Ubangijina, alhali gidan ne ya mallaka, Ubangiji kuwa shi ya mallake shi. Akwai "emos", mai sauyawa da jinsin abin, kamar nawa da tawa. Sai "idios": na kaina, ba na kowa ba. A Ayyukan Manzanni, sura 4 aya 32, wannan ta ƙarshe ce aka ce masu bi na farko sun daina faɗa a kan dukiyarsu.

Nan na gane rigimar gidanmu. Yayana "idios" yake nufi, Inna kuwa tana nufin abin da ke da haƙƙi a kanka. Hausa ta zuba biyun a ƙwarya ɗaya, shi ya sa muke ruɗewa.

Ban ce yayana ba shi da gaskiya ba. Shari'a ta ba shi gado, kuma wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba zai zagi mai neman mafita ba. Mallaka ma tana da amfani: tun shekarun 1980 manoman yankinmu suka riƙa barin tohon itace a gona, suka kula da shi da suka tabbata nasu ne. Amma gawon da Baba ya bari, ya san ba shi zai daɗe yana shan inuwarsa ba. Da ya ce "gonata", har da mu yake nufi, da waɗanda ba a haifa ba.

Ra'ayina shi ne, duk abin da ya ciyar da kai kafin ka mallake shi, yana bin ka bashi. Kana iya sayarwa, amma ba kai kaɗai za ka yanke ba.

Yayana ya ba da gonar jingina, ya tafi. Rabona yana nan. Ƴan'uwa ɗalibai, in na gama karatu na samu aiki a Yamai, wace "tawa" zan kira ta?