Kunyar Ambaton Allah a Ingila

Kowa ya san mutumin Ingila ba ya son a tsallake layi, ba ya son a ɗaga murya a jirgin ƙasa. Akwai wani abin da ya fi waɗannan takura shi, wato ka tambaye shi abin da ya yi imani da shi. Nan take zai kau da kai, ya gyara zama, ya koma zancen ruwan sama. A jihohin kudu na ƙasar Amurka kuwa, kafin ka gama biyan kuɗi a kanti mai awo ta sa maka albarka, wani ma ya gayyace ka cocinsu ranar Lahadi.

A dokance kuwa abin a juye yake. Ingila ce ke da cocin gwamnati tun da Sarki Henry na Takwas ya ɓalle daga Fafaroma a 1534. Sarki ne shugaban cocin, kuma an ware wa manyan limamanta kujeru 26 a majalisar dattawa. Amurka tun 1791 tsarin mulkinta ya hana majalisa kafa addinin ƙasa, amma a can ne aka buga sunan Allah a jikin dala, kuma da wuya shugabansu ya rufe babban jawabi bai roƙa wa ƙasar albarka ba. A Birtaniya kuwa, tsohon Firayim Minista Tony Blair, duk da riƙonsa da addini, sai da ya sauka daga mulki a 2007 kafin ya koma Katolika, ya kuma ce a siyasarsu mai yawan zancen addini kallon taɓaɓɓe ake yi masa.

Ranar 6 ga Mayu, 2023, na kalli naɗin Sarki Charles a cocin Westminster. An nuna kambi, an nuna takobi, an nuna keken doki na zinariya. Da aka zo shafa masa mai, wanda shi ne zuciyar ibadar, sai sojoji suka kawo labule suka kewaye shi. Duniya ba ta ga komai ba sai hoton bishiya da aka yi wa ado a jikin ƙyallen. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Waɗannan mutane suna ganin tsakanin bawa da Ubangijinsa akwai abin da bai kamata ido ya gani ba, kuma suna da hujja, domin sura ta 6 ta Linjilar Matta ta yi gargaɗi a kan addu'ar neman yabo. Mu Musulmi ma an tsoratar da mu a kan riya, har aka kira ta ƙaramin shirka. Duk wanda ya ga ɗan takara a Amurka yana ɗaga littafi mai tsarki gaban kyamara zai gane abin da Bature ke gudu.

Duk da haka ban yarda shirun nan ya isa abin koyi ba. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta fifita ɓoye sadaka, amma ta yabi bayyana ta. Kiran salla da ƙarfi ake yin sa, Juma'a a cikin jama'a ake yin ta. Yaro ba ya ganin zuciyar ubansa, abin da ya ji kuma ya gani shi yake ɗauka. Idan kaka ta yi imani a ɓoye, uwa ta ji nauyin ambatonsa, me jika zai gada? A ƙidayar 2011, kashi 59 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kirista ne. A 2021 sun koma kashi 46, marasa addini sun kai 37. Dalilai suna da yawa, a Amurka ma masu zuwa coci na raguwa, amma ina da yaƙinin kunyar nan tana da hannu a ciki.

Na taɓa ganin wani iyali a wani gidan abinci a Amurka, sun riƙe hannun juna sun sunkuyar da kai kafin su taɓa abinci, ba don idon kowa suke yi ba, 'ya'yansu kuma suna kallo. Wannan ya fi mini.

'Yan'uwa masu rainon yara a Landan da Manchester, ku koyi bin layi da cika lokaci a wurin maƙwabtanku, amma ku bar yaranku su riƙa jin bisimillarku a bakin tebur.