Mashayi Mai Laifi Ne, Ko Kuwa Marar Lafiya?

Ran nan muna zaune bayan la'asar a wani zaure nan Madabo, sai gardama ta tashi tsakanin dattijai biyu a kan wani saurayi wanda mu muka koya wa lissafi sa'ad da ya ke aji huɗu. A lokacin ba wanda ke gabansa. Yau kuwa ya zama bawan kwalbar kodin, har ya sace tasoshin da uwarsa ta ke tarawa don auren ƙanwarsa ya sayar, ubansa ya rantse sai ya bar masa gida. Dattijo na fari ya ce uban ya yi daidai, mai laifi ne. Na biyu ya ce a'a, ba a korar marar lafiya. To, ku 'yan makaranta, ga tambaya a gabanku, gama wanda a ke magana a kansa jiya-jiya ya tashi daga irin bencin da ku ke zaune.

Mu fara da hujjar na fari, don ba ta banza ba ce. Madabo unguwar malamai ce tun zuwan Wangarawa, a cikin zaurukanta an daɗe ana karantar da fiƙihun Malikiyya. Malamai sun ce abu biyar Shari'a ta zo ta tsare, watau addini, da rai, da hankali, da zuri'a, da dukiya. Duba, abin maye ba wanda ya bari cikin biyar ɗin nan, amma hankali ya ke fara kamawa, don shi ne mai gadin sauran. Hankali kuwa amana ce. Wanda ya ɗauki kwalba ta fari yana sane ya ɗauka, ba wanda ya ɗura masa. In muka ce ba shi da laifi ko kaɗan, mun mai da shi dabba ke nan, wadda ba a tambayarta abin da ta aikata.

Amma na biyu shi ma yana da tasa gaskiya. Likitoci sun bayyana cewa kodin dangin ofiyom ne, in ya shiga jiki hanta ta kan juya wani sashensa ya zama mofin. Jiki ya kan saba, har abin da ya ke isa jiya ya kasa isa yau. In mutum ya bari, sai gumi, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci su taso masa. Wanda giya ta yi wa katutu kuwa, in ya yanke ta farat ɗaya ba likita kusa, ya kan yi jijjiga, har rai ya kan salwanta. Ashe wanda ya kai nan ba daɗi ya ke nema ba, azaba ya ke gudu.

Kada kuma a zaci ciwon gida ɗaya ne. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ya nuna a shekarar 2017 mutum miliyan 14.3 suka sha miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, cikin kowane huɗu kuwa ɗaya mace ce. Hukuma ba ta yi barci ba. An kafa NDLEA a 1989, a watan Mayu na 2018 kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk da haka doka kwalba ta ke iya kamawa, ba ta iya shiga zuciya ta cire ƙishin.

To, ina gaskiya ta tsaya? A ganinmu kowannensu ya riƙe rabi. Mashayi ya shiga da laifi, ya zauna da ciwo. Mutumin da ya yi ganganci a bakin rijiya ya faɗa, lalle ya yi wauta, amma wane mahaukaci ne zai tsaya yi masa faɗa bai jefa masa igiya ba? A fid da shi tukuna, sa'an nan a yi maganar ganganci.

Abin baƙin ciki shi ne, mu kan yi ɗayan biyu, kowanne kuwa don kanmu mu ke yi, ba don yaron ba. Ko mu ɓoye shi don kunya, uwa tana biyan bashinsa a asirce har ta sayar da 'yan kunnenta, ƙannensa suna kallo suna koyo. Ko kuwa mu kai shi a sa masa mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fid da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Mari ƙafa ya ke ɗaurewa, ranar da aka kwance shi kuwa ƙafar ta san hanya.

Mu tuna, ko haramcin giya ma ba rana ɗaya ya sauka ba. An fara nuna cutarta ta fi amfaninta, sa'an nan aka hana salla cikin maye, daga baya aka hana ta ɗungum. In Mahalicci ya bi bayinsa sannu-sannu, mu wane ne da za mu ce sai yau ko a bar mana gida? Warkewa tana son likita, irin na asibitin Dawanau, tana son sana'ar da za ta cika hannu, da rabuwa da tsofaffin abokai, da gidan da zai hana kuɗi amma ba zai hana tuwo ba. In ya koma ruwa sau ɗaya kada a ce aiki ya ɓaci, a sake ɗaga shi. Shi kuma sai ya yarda da bakinsa ya yi kuskure, ya biya abin da ya ɗauka ko da kaɗan-kaɗan ne, don wanda ba a nemi hakki a wurinsa ba, ba a mayar masa da mutuncinsa ba.

Da aka kira magariba dattijan nan ba su daidaita ba, amma tare suka tashi suka tafi wurin uban, suka roƙe shi ya yi kaffarar rantsuwarsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku kuwa, 'yan makaranta, ƙofar da ba ku shiga ba ita ce mai sauƙin fita. Allah ya tsare mana hankulanmu, ya shiryi namu da suka ɓata, amin.