Hangen Dutse Ba Zaman Gindinsa Ba Ne

 

Na ji an ce saura ƙiris ka cika shekara 35 kana aikin gwamnati, ko kuwa shekara 60 ta haihuwa ce za ta riga cim maka, kuma zuciyarka ta fara hararo gida. Ka gaji da hayaniyar birni da kuɗin haya da cunkoson motoci. Kana so ka sami wani ɗan ƙauye a gindin tsaunukan nan namu na ƙasar Illela, ka gina ɗaki uku, ka ɗaure 'yan tumaki, ka riƙa jin kiran salla ba tare da ƙarar injin ba. Wannan niyya ce mai kyau, kuma ina yi maka addu'a Allah Ya cika maka ita. Amma zauna ka saurari tsohon da ya ga jiya ya ga yau, don na ga waɗanda suka dawo suka zauna lafiya, na kuma ga waɗanda suka dawo da ɗoki, damina biyu ba ta zagayo ba suka kulle gida suka koma inda suka fito.

Na san lokacin da ka ga wurin. Watan Agusta ne ko Satumba, ka zo gaisuwar rasuwa ko ɗaurin aure, ka tarar dutse ya yi shar, gero ya fid da kai, iska mai sanyi tana gangarowa da maraice. Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Damina a nan wata huɗu ce in ta yi kyau. Sauran wata takwas ɗin su ne ainihin gari. Ka zo a hunturu, lokacin da hazo ke rufe dutsen har ba ka ganinsa, tari ya kama tsofaffi. Ka dawo a Afrilu, lokacin da zafi ke haura ma'auni 40, dutse ya sha rana tun safe ya kwana yana amayar da ita a kan mutanen da ke ƙarƙashinsa. In ka kwana bakwai a wurin cikin bazara, ka sha ruwan da suke sha, ka kwanta inda suke kwance, zuciyarka ba ta sauya ba, to mu ci gaba da magana.

Abu na farko, kuma shi ne uwar nasihata: dutse ba ya yi wa kowa maraba, mutanen gindinsa ne ke yi. Komawa gida shuka ce, tun ana cikin aiki ake yin ta. Wanda ya shekara talatin bai zo suna ba, bai zo jana'iza ba, bai taɓa aiko da buhun hatsi ran da fari ya ci gari ba, ran da ya sauke kaya a ƙofar gidan ubansa za a gaishe shi da fara'a, a kawo masa fura, amma a matsayin baƙo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Zumunta a ƙafa take, ɗana, kuma waya ba ta maye gurbin ƙafa. Tun yanzu da sauran albashi a hannunka, ka riƙa zuwa. Ka san sunan mai gari da liman da ladan, ka san wace tsohuwa ce ba ta da mai ɗebo mata ruwa, ka san wane maraya ne ya bar makaranta don rashin kuɗin littafi. Ran da ka dawo, kada a ce “wane ne wannan?” A ce “ɗan wane ya iso.”

Dubi yadda magabatanmu suka yi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar Sakkwato ya tare a Wurno, a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, ya mai da ita ribaɗi, can kuma ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Da ya tafi, ya tafi da malamai da masu sana'a, ya zaunar da makiyaya, aka yi masallaci da makaranta da gonaki. Haka Muhammadu Maiturare, Marafan Gwadabawa, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya raya wannan yanki na arewa da muke ciki. Ya jawo Adarawa da Buzaye da sauran jama'a suka sari daji suka kafa garuruwa tsakanin Sakkwato da Ƙonni. Duk cikinsu babu wanda ya fita birni don ya miƙe ƙafa. Sun fita da abin da za su ba wurin, shi ya sa wurin ya riƙe su har yau. Kai ma tambayi kanka: me zan kai musu?

Abu na biyu, ruwa. Kafin ka tambayi kuɗin fili, tambayi zurfin rijiya. A gindin dutse akwai inda za ka haƙa gaba kaɗan ka tarar da ruwa, akwai inda za ka yi ta fama da fa har kuɗinka su ƙare. Ka je bakin rijiya da asubar bazara ka ƙidaya gaba nawa igiyar guga take, ka ga ko mata na kwana a layi. Kada tafki ya ruɗe ka. Tafkin Kalmalo ruwansa daga kwarin Majiya yake zuwa, daga duwatsun Adar cikin Nijar. Tun da aka datse ruwan a can sama don noman rani na Ƙonni, ga kuma shekarun ƙarancin damina, tafkin bai cika tumbatsa kamar yadda muka san shi muna yara ba. In kana da halin burtsatse mai sola, ka yi, amma ka fid da famfo ɗaya waje don jama'a. Wannan famfon zai tsare maka gida fiye da katanga mai tsawo.

Ruwan da ke ƙaranci a bazara shi ne kuma ke ɓarna a damina. In aka yi ruwan awa ɗaya a kan dutse, ƙasa ba ta shanye shi, gangarowa yake da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo, ya kwashe abin da ya tarar. Kada ka aza tubali sai ka zagaya filin da tsoho mafi shekaru a garin, ya nuna maka inda ruwa ke bi. In ka ga fili mai kyau kusa da dutse ba wanda ya gina, akwai dalili. Ruwa ba ya manta hanyarsa ko da ya shekara ashirin bai bi ta ba. Kuma kada ka raina ginin ƙasa. Soro mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin siminti mai kwano sanyi a bazara, ya fi shi ɗumi a hunturu. Ka share ciyawa da tarin duwatsu daga jikin gida, ka riƙe tocila da dare, don gindin dutse gidan kunama da kububuwa ne.

Abu na uku, ƙasa. Gonar gado ita ce ta fi raba 'yan'uwa. In ƙanenka ya shekara talatin yana noma gonar ubanku, yana zuba mata taki, kada ka zo ran ɗaya ka ce a auna. Ku zauna gaban malami da dattawan gida a raba bisa shari'a, ka kuma sakar masa wani abu daga naka don wahalar da ya sha. In saye za ka yi, ka bincika ko gonar jingina ce ko aro, ko akwai magajin da ke ci-rani bai sani ba. A yi a gaban mai gari da shaidu, a rubuta, hakimi ya sa hannu, sannan ka nemi takardar ƙaramar hukuma, don dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ikon bayar da shaidar mallakar filin karkara. Kada kunya ta hana ka rubutu. Yau kuna raye kun san juna, gobe 'ya'yanku ne za su tsaya.

Abu na huɗu, kuɗin sallama. Ran da garatuti ya shigo, za ka ga kamar ba ya ƙarewa, kuma za ka sami masoya da ba ka taɓa sani ba. Wani zai ce a sayi mota a sa haya, wani zai ce a tara albasa a rudu har ta yi tsada, wani zai ce a shiga fataucin shanu a kasuwar Lahadi. Duk sana'o'i ne na gaskiya, amma kowace tana da 'ya'yanta da suka tashi a ciki. Albasa tana ruɓewa a ajiya, saniya tana da cutar da sai mai ido ke gani. Ka fara da kaɗan, da abin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba. Ka tuna kuma arzikin Illela a kan iyaka ya rataya. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. Mun ga motoci sun yi layi kaya na lalacewa, mun ga masu jari sun koma neman na cefane. Fansho kuwa ka ga yadda tsadar kaya ta cinye shi tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023. Kada ka zuba komai a gini. Gida mai bene da rumbu fanko ba hutu ba ne. Ka cika rumbu da gero a kaka, ka ajiye na magani a gefe, wanda ba ka taɓawa ko da biki ko suna.

Maganar magani ta kawo mu ga jiki. Yau kana da ƙarfi, amma shekara goma masu zuwa fa? Hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa ba su san kyawun dutse ba. Daga Illela zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato tafiyar fiye da kilomita 80 ce, asibitin Galmi kuma yana hayin iyaka, sai tana buɗe ake zuwa. Ka auna nisan ƙauyenka da kwalta, ka tambaya ko mota na shiga a tsakiyar damina, ka san wa zai ɗauke ka ƙarfe biyun dare. Wani lokaci hikima ita ce ka yi gida a Illela ko Gwadabawa, gona da garke su zauna a gindin dutse, kana zuwa kana dawowa.

Ba zan ɓoye maka maganar tsaro ba. A Nuwamban 2021 'yan bindiga sun auka wa wasu ƙauyukan Illela an rasa rayuka, gabashinmu wajen Sabon Birni da Isa an daɗe ana kuka, yamma kuma wajen Tangaza da Gudu ga maganar Lakurawa. Wanda aka san ya karɓi kuɗin sallama, ya gina gidan da ya fi na kowa tsawo, ya nuna kansa. Ka yi gida irin na mutane, ka sa tufa irin tasu, ka riƙe bakinka a kan abin da ka mallaka. In mutanen gari suka ce yau kada a kwana, kada ka tsaya gardama. Allah Shi ne mai tsarewa, amma Shi ya ba mu hankali.

Sai uwargida. Ɗana, kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai a zaure. Kai za ka fita masallaci da majalisa, ita ce za ta zauna da murhu da tulu da kewar ƙawayenta da jikokinta. In tana da sana'a a birni, ku duba yadda za ta ci gaba da ita. In akwai yara a makaranta, kada ka katse musu karatu don kai ka gaji. Matar da aka shawarta takan mai da bukka aljanna, wadda aka tilasta kuwa ko a gidan sarki ba ta sakewa.

To me za ka kai musu? Bari in ba ka misali daga maƙwabta. A hayin iyaka akwai takwarar garinmu, Illela ta jihar Tawa. A ƙarshen shekarun 1980 manomanta suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake raya fako: a haƙa 'yan ramuka tun rani, a zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki, a shuka gero. Suna ce masa tassa. Filayen da a da ko kyauta ba mai so suka koma ana sayensu da kuɗi. A Keita, cikin duwatsun Adar, tun 1984 aka shiga jera duwatsu a gangare ana dasa itatuwa don tare zaizaya, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin a kansu. Ƙasarsu irin tamu ce, dutsensu ɗan'uwan namu ne. Sayi fakon da kowa ya raina, ka jera masa duwatsu, ka yi tassa, ka bar gawo da aduwa da magarya su tsiro. Kada ka yi wa kowa lacca. In geronka ya yi kyau, da ƙafarsu za su zo tambaya. In malami ne kai, tara yara da maraice. In ma'aikacin lafiya ne, auna wa tsofaffi jini ran Juma'a. In akawu ne, rubuta wa gari takardar neman gyaran rijiya, ka bi ta har inda za ta tsaya.

Amma ka ajiye muƙaminka a tasha kafin ka shigo. A ofis kai ne darakta, a nan ɗan wane ne. Ka tuɓe takalmi gaban mai gari ko da ka girme shi a boko, ka zauna a tabarma, ka ci tuwo a akushi ɗaya da mutane. Shekarar farko kunne za ka zama. Kada ka shiga rigimar sarauta, kada ka ɗauki ɓangare a siyasar gari, kada ka riƙa cewa “a Abuja ba haka ake yi ba.” Mutanen da suka rayu a kan wannan dutse tun kafin fari na 1973 da na 1984, suka kuma tsallake su, sun san abin da ba a koyarwa a jami'a.

Ɗana, wanda ya koma gida bayan ritaya ya san, ko bai faɗa ba, cewa ya zaɓi ƙasar da za a rufe shi. Saboda haka in ka tsaya a filin da kake son ginawa, kada ka daɗe kana kallon dutse. Juya ka dubi gari. Waɗannan su ne za su leƙo in ba su gan ka a sallar asuba ba, su za su zauna da iyalinka kwana uku, su za su ɗauki makararka. Ka fara kyautata musu tun yau, tun kana da ƙafar zuwa da hannun bayarwa.

Allah Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya kai ka gida lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau. Ka gaida uwargida da yara.