Ciwon Daji: Neman Magani Ba Ya Warware Tawakkali

 

Akwai wata cuta wadda jin sunanta kaɗai ya kan karya zuciyar namiji, watau ciwon daji, wanda waɗansu ke ce wa sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 127,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu a sanadinsa. Wanda ya fi addabar mata shi ne na nono, sa'an nan na bakin mahaifa. Su kuwa maza, ya kan kama ƙullutun nan da ke gindin mafitsara, wanda kan hana dattawa fitsari, ya kan kuma kama hanta da hanji.

Yadda abin kan faru a ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba ɓoyayye ba ne. Mace ta kan ji ɗan ƙulli kamar ƙwayar gurjiya a nononta, ba zafi ba raɗaɗi, sai kunya ta hana ta faɗa wa kowa. In wata shida ta shige ya girma, sai ta gaya wa wata tsohuwa. A jiƙa saiwa, a yi turare, a kira wanzami ya tsaga. In wani ya ce a tafi asibiti, nan da nan a rufe masa baki da cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Sai ƙullin ya fashe ya fara wari, sa'an nan a sayar da buhunan masara a ɗauki shatar mota zuwa Kano. Likita ya duba ya ce an makara. In Allah Ya karɓi ranta, sai a dawo gida a na cewa, "Ai dā ma an faɗa, da allura ta taɓa ta sai abin ya harzuƙa." Alhali kuwa ba allura ce ta harzuƙa shi ba, jinkirin shekara guda ne ya ba shi filin da zai yi jijiya. Ta haka ƙarya ta kan sami shaidar zur, wata macen kuma ta ji tsoro ta ɓoye nata.

HUKUNCIN NEMAN MAGANI

Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana babu wata cuta da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa waɗansu Larabawan ƙauye sun tambaye shi ko su nemi magani, ya umurce su da su nema, bai togace kome ba sai tsufa. Har ila yau, sa'ad da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi ya ɗora hannunsa mai albarka a ƙirjinsa, sa'an nan ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Banu Saƙifa. To, wane ne ya kai Annabi karɓuwar addu'a? Amma duk da haka ya tura sahabinsa wurin wanda ya san aikin.

Malaman ƙasar nan ma a kan haka suka tafi. Mai Risala, wadda a ke karantawa a kowane zauren malami, ya kafa babi a kan yin magani, ya halatta shan magani da ƙaho da lalas. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur. Saboda haka wanda ya ce zuwa asibiti raunin imani ne, to ya sani bai fi waɗannan bayin Allah tawakkali ba. Sayyidina Umar, da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa ya na gudun ƙaddara, sai ya nuna cewa daga wata ƙaddarar Allah ya ke gudu zuwa wata ƙaddarar Allah. Cuta ƙaddara ce, magani ma ƙaddara ne. Addu'a da tofi na ayoyin Alƙur'ani abu ne mai kyau, a yi su a kan hanyar zuwa asibiti, kada a yi su a maimakon zuwa.

TSORON SANI

Mai ciwo ya kan ce gara kada ya sani, domin in ya sani hankalinsa zai tashi. Wannan kamar manomi ne da ya ga wuta-wuta ta fito a gonar dawarsa ya kau da kai, wai don kada ransa ya ɓaci. Sa'an nan ba kowane ƙulli ne daji ba. Yawancin ƙullin da mata kan ji a nono ba shi ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, ido ma haka. Sai likita ya ɗauki hoto, ya ɗebi ɗan ƙanƙanen nama da allura a duba shi a madubin asibiti. Wannan ɗiba ba ta yaɗa cutar, ita ce ke nuna irinta da maganin da ya dace da ita.

Alamomin da bai kamata a zauna da su ba su ne: ƙulli a nono ko hammata ko wuya, jini bayan mace ta daina al'ada ko bayan saduwa da miji, jini a fitsari ko bayan gida, gyambon da ya ƙi warkewa, ramewa ba dalili, da kumburin muƙamuƙi ko ciki ga yaro ƙarami. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya fara da asibitin da ke kusa da shi, in abin ya fi ƙarfinsu za su ba shi takarda. Daga Kwanar Ɗangora hanya biyu ce: arewa zuwa Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kudu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda a ke da sashe na musamman na masu wannan ciwo.

Game da kunya kuwa, malamai sun haɗu a kan cewa lalura ta kan halatta abin da aka hana. In an sami likita mace, madalla. In ba a samu ba, ya halatta namiji ya duba iyakar wurin da ciwon ya ke, ga mijinta ko muharraminta ko ma'aikaciyar jinya a tsaye. Kunya reshe ce ta imani, amma ba ita ce za ta sa mace ta halaka kanta ta bar marayu ba.

WAHALAR MAGANI

Hanyoyin magani manya uku ne: fiɗa, watau a yanke wurin a cire; magani mai ƙarfi da a ke ɗurawa ta jijiya ko a sha; da gashi da na'ura mai haske. Sau da yawa a kan haɗa biyu ko duka ukun. Ba za a ɓoye ba, akwai wahala. Maganin jijiya ya na farautar duk abin da ke saurin tsiro a jiki ne, don haka ya kan haɗa da gashin kai da fatar baki da jini. Sai gashi ya zube, zuciya ta riƙa tashi, baki ya yi miki, farce ya yi baƙi, jiki ya mutu. 'Yan'uwa in sun ga haka sai su ce maganin na kashe shi, su ɗauke shi bayan zagaye na biyu. Wannan babban kuskure ne. Gashi ya kan tsiro bayan an gama, amai ma da maganinsa, amma dajin da aka tsokana aka bari ya kan dawo da ƙarfinsa. Abu ɗaya ne ba a jinkiri a kansa: in zazzaɓi ya kama mai shan wannan magani, a kai shi asibiti a ranar, domin garkuwar jikinsa ta yi rauni. Kuma kada a haɗa masa da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba, domin waɗansu kan lalata ƙoda da hanta.

Mai haƙuri da wannan wahala ba a banza ya ke yi ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk abin da ya sami Musulmi na gajiya ko ciwo ko baƙin ciki, har ƙayar da ta soke shi, Allah na kankare masa zunubi da shi. Kuma ciwo ba alamar fushin Allah ba ne. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya daɗe a kwance, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, Allah Ya yaye masa. Kai kuka ga Allah ba ya ɓata haƙuri, haka nan gaya wa likita inda ke ciwo.

IBADAR MAI JINYA

Da yawa abin da ya fi damunsu shi ne salla da azumi. Addini kuwa ya sauƙaƙa. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basur, Annabi ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a kan gefensa. Wanda ruwa zai cuce shi ya yi taimama. Wanda aka ɗaure masa miki ya shafa a kan ɗaurin. Wanda fitsari ko jini ke zubo masa ba ya tsayawa, hukuncinsa hukuncin mai yoyon fitsari ne, sallarsa ta yi. Azumi kuwa, Suratul Baƙara ta ba mara lafiya izinin ya sha ya rama in ya warke, wanda kuma ba a sa ran zai iya ramawa sai ya ciyar. In amintaccen likita ya ce azumi zai cutar, to dagewa a kansa ba taƙawa ba ce. Haka kuma magungunan kashe zafi masu ƙarfi da likita ke rubutawa halal ne ga mai lalura, ba su shiga hukuncin kayan maye.

ZA A TASHI KUWA?

Wannan ita ce tambayar da ke cikin zuciyar kowane mai ciwo, ko bai furta ba. Amsarta ita ce, ajali na hannun Allah, ba wanda ya san ranar wani, ko likita ko malami. Abin da likitoci suka sani da gwaji shi ne, dajin nono da na bakin mahaifa in an kama su da wuri, mafi yawan masu su kan warke su rayu shekaru masu yawa. Dajin muƙamuƙi na yara ma ya na jin magani ƙwarai. In kuwa an makara, ba a ce aikin asibiti ya ƙare ba, domin a na iya rage zafi, a tsabtace miki, a ba mutum damar yin ibadarsa da wasiyyarsa cikin natsuwa. Annabi ya hana Musulmi ya yi fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, sai dai ya roƙi Allah Ya zaɓa masa abin da ya fi alheri.

HAKKIN DA KE KAN JAMA'A

Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko musafaha, ko zama ɗaki ɗaya. Ware wa mai shi kwano da tabarma zalunci ne. Mijin da aka cire wa matarsa nono ya juya mata baya, ko ya aika mata da takardar saki ta na kan gadon asibiti, ya ji tsoron Allah, ya tuna da ƙuruciyarta ta ƙare ne a gidansa. Wanda kuma ya hana ta zuwa asibiti har ta salwanta, ya tanadi amsar da zai bayar.

Magani na da tsada, ga kuɗin mota, ga na kwana a birni. A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa matalauta masu dajin nono da na bakin mahaifa da na gindin mafitsara, asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su, don haka a tambaya in an je. Amma kafin gwamnati akwai maƙwabta. Ƙasar Tudun Wada da Doguwa ƙasar masara ce da shinkafa, zakkar da ke fita a kaka ba kaɗan ba ce. Talakan da jinya ta cinye masa rumbu, ko bashi ya yi masa katutu, ya na cikin waɗanda Alƙur'ani ya ambata su ci zakka.

Riga-kafi kuma ya fi magani. Yaran da ke wanka a bakin Tiga da magudanan ruwan noman rani su kan kamu da tsargiya, a na ganin jini a fitsarinsu a ce alamar balaga ce, alhali in ta daɗe ba magani ta na iya jawo dajin mafitsara, ga shi kuwa ƙwayoyi kaɗan ke kashe ta. Gyaɗa da masarar da aka adana da laima suka yi funfuna na ɗauke da dafin da ke ɓata hanta, kada a ci, kada a sayar wa ɗan'uwa Musulmi. Allurar riga-kafin ciwon hanta na cikin waɗanda a ke yi wa jarirai, tun watan Oktoba na 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata riga-kafin dajin bakin mahaifa. Limamai da masu wa'azi da malaman Islamiyya na mata su ne jama'a ke saurara, kalma ɗaya daga bakinsu ta na iya ceton rai.

Allah Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa wahalarsu ta zama kaffara, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Waɗanda suka rasu Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata makwancinsu. Amin.