Hukuncin Bangon da Ya Karkata Bayan Ruwa

Bangon ƙasa da ya sha ruwa har ya karkata, amma bai faɗi ba, mas'ala ce da malaman fiƙihu suka daɗe da yanke wa hukunci, kuma kowace damina sai ta sake taso da ita a garuruwa irin su Mallawa, ƙaramar hukumar da ke gundumar Dungas a jihar Damagaram, dab da iyakar Nijeriya. Yawancin gidajen wannan karkara na ƙasa ne, da rufin azara ko kwano ko ciyawa. A daminar 2024, wadda ta hallaka fiye da mutum 300 a faɗin Nijar ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumba. Tambayar ita ce: tunda ruwa daga Allah yake, alhakin ran da bango ya danne bayan an ɗauke ruwa yana wuyan wa?

Ginin ƙasa yakan nuna alama kafin ya faɗi. Ruwan da ya kwanta yana cin gindin bango, ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi, azarar da gara ta riga ta ci ta fara lanƙwasa, tsaga ta buɗe a kusurwa. Sau da yawa faɗuwar takan zo ne kwanaki bayan ruwan, cikin dare, mutane na barci. Wannan tazara tsakanin alama da faɗuwa ita ce inda hukunci ya rataya.

Akan ji ana cewa kwana ne ya ƙare, kuma wanda gini ya faɗa wa ya yi shahada. Maganar tana da asali, domin hadisi ingantacce ya lissafa wanda rushewa ta kashe cikin shahidai. Sai dai darajar mamaci a lahira ba ta wanke wanda ya yi sakaci a duniya. Wanda aka kashe da zalunci ma yana da lada, amma ba a sallami makashinsa ba. Halifa Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da ayarinsa, bai kuwa ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba. Saukar ruwa ba ta hannun kowa. Barin yara su kwana a gindin bango mai tsaga kuwa aikin mutum ne.

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, Muhtasar na Halil ya ɗora wa mai bango biyan abin da bangonsa ya halaka bisa sharuɗɗa uku: bangon ya karkata, an gargaɗi mai shi, kuma ya sami damar gyarawa ko rushewa bai yi ba. Gargaɗin a gaban shaidu ake so, ko a gaban mai iko, wanda a ƙauye yakan zama mai gari ko mai unguwa. Wasu malaman mazhabar sun ce idan haɗarin ya fito fili yadda kowa ke gani, ba sai an jira gargaɗi ba, kuma wannan ra'ayi ya fi dacewa da ginin laka a watan Agusta. Ɗan haya ba a kama shi, don ba shi da ikon rushe abin da ba nasa ba. Idan mai gida ba ya nan, abin da ya zama ruwan dare a yankin da samari ke tafiya cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, sai a kai magana ga hukuma ta sa a sauke bangon.

Sharaɗi na uku shi ne mai wuya. Magidancin da ɗakinsa ɗaya, gero bai nuna ba, ƙasa ba ta bushe da za a yi tubali ba, idan ya rushe ina zai kai iyali? Shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa, amma haɗarin ba ya gushewa don mai shi talaka ne. Nauyin sai ya koma kan jama'a: maƙwabci ya ba da ɗaki ko zaure, a tokare bangon da gwafa, a kewaye wurin da ƙaya, a yi gayya. A Suratul Kahfi, bangon marayu biyu da ke shirin faɗuwa baƙo ne ya tayar da shi, ba lada, a garin da ya ƙi ba shi abinci.

Rushewar kanta tana da ƙa'ida, kuma magina sun santa. Daga sama ake farawa: a zubar da ƙasar rufi, a zare azara, sannan a riƙa cin bango da diga har ƙasa. Sarar gindi don bango ya faɗi gaba ɗaya ta fi sauri, ita ce kuma mafi haɗari, don ba wanda ke da tabbacin ɓangaren da zai kifa. Katangar da gida biyu suka haɗa ba a taɓa ta sai da sanin maƙwabci, saboda faɗuwarta tana buɗe sirrin gidansa. Shaddar da ta rufta a cike ta tun da wuri, musamman inda rijiya ke kusa kuma ruwan ƙasa ba shi da zurfi. Mushen dabba a binne shi nesa da wurin ɗiban ruwa.

Ɓaraguzai kuma dukiya ce mai mai ita. Azara, ƙyaure, kwano, har tsohuwar ƙasar da ake jiƙawa a sake kwaɓawa, duk na mai gida ne, kuma rushewa ba ta mayar da su na kowa. A gidan gado da ba a raba ba, kowane magaji yana da rabo a ciki, har mata da marayu, waɗanda aka fi mantawa da su idan babban wa ya sayar da kwano. Abin da aka tono na wani a cikin ƙasa hukuncin tsintuwa ne da shi: a yi cigiya shekara guda. Allo da takardun karatu a tsame su a adana.

Mallakar ɓaraguzai tana tafe da nauyin kwashe su. Wanda ya tula ƙasa a lungu ya toshe hanyar ruwa, ruwan ya koma gindin bangon maƙwabci, ya shiga cikin cutarwar da hadisin Muwaɗɗa ya hana, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta gina hukuncin maƙwabtaka a kansa. Cike kududdufi da ita ma sai da lura, don shi ke karɓar ruwan unguwa.

Masallaci yana da nasa hukunci, domin waƙafi ne. Risala ta hana sayar da waƙafi ko da ya zama kango, kuma malamai sun faɗaɗa hanin zuwa kayan da suka fito daga rushewarsa. Azararsa da ƙofofinsa ana mayar da su cikin sabon gininsa, ko a kai wani masallaci mai buƙata. Wannan hani bai shafi sauke rufin da ya tsage ba: masallacin fadar Zazzau, ginin shekarun 1830, ya rufto wa masallata ana sallar la'asar a Agustan 2023, kuma inda aka ga alama irin wannan, a idon malamai fitar da jama'a su yi salla a fili ya fi gaban tsare gini.