Lissafi A Hannu, Tawakkali A Zuciya: Murid Tsakanin Neman Halali Da Haƙƙin Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzurta bayi, wanda ya sanya wa kowane arziki sababi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya. Bayan haka:

Idan kaka ta yi a ƙasar Magarya da Dungas, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, aka roro wake, aka girbe riɗi, akwai wani zama da kowane magidanci yake yi shi kaɗai a gindin rumbunsa. Yana duban abin da Allah ya ba shi, yana auna shi da bakunan da ke cikin gida, yana tambayar kansa: nawa za a ajiye, nawa za a kai kasuwa, kuma bana zai zauna ne ko zai tafi cirani? Ɗan'uwa mai ɗariƙa kuwa yana da tambaya ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi a zuciyarsa. Kullum yana jin muƙaddami yana karanta falalar tawakkali da zuhudu, sai ya riƙa jin kunyar Ubangijinsa idan ya zauna yana ƙirga buhuna da jikkuna. Shin wanda ya yanka wa kansa burin dukiya, ya ce nan da shekara biyu yana son ya biya bashinsa ya sayi sa na huɗa, ya fita daga sahun masu dogara ga Allah ke nan?

Tadbiri iri biyu ne

Malaman tasawwufi ba su bar wannan tambaya ba amsa ba. Shehu Ibn Aɗa'illahi (R.T.A.), wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya wallafa littafi sukutum a kan barin tadbiri, wato shirya wa kai al'amura, mai suna Attanwir. Amma a cikin littafin nan ɗin ya raba tadbiri gida biyu. Akwai abin zargi, wanda bawa yake shirya duniya domin duniya, yana ja da hukuncin Ubangijinsa. Akwai kuma abin yabo, wanda bawa yake shirya duniya domin ya sauke haƙƙoƙin da aka ɗora masa. Ya kuma karantar da cewa mutumin da Allah ya tsayar a kan sana'a, idan ya riƙa marmarin watsar da ita da sunan ibada, to ya binciki kansa, domin sau da yawa son rai ne ya sa rawani.

Tarihin Annabawa ya ƙarfafa haka. Annabi Yusufu (A.S.) ya tsara wa Masar ajiyar hatsi na shekara bakwai saboda shekara bakwai na fari, ba wanda ya ce tawakkalinsa ya raunana. Ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana keɓe wa iyalansa abincin shekara guda, alhali shi ne shugaban masu tawakkali. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, sai aka tsayar da shi a kan sulusi, aka nuna masa cewa barin magada da abin hannu ya fi barin su suna roƙon mutane.

Ashe ƙirga buhu ba laifi ba ne. Don gobe ake wanke tukunya. Abin dubawa shi ne inda lissafin ya zauna. Idan yana hannu da takarda, to amana ce ake kiyayewa. Idan kuwa ya shige zuciya har ya zama shi ne ake gani a cikin sujada, ana jan carbi ana canjin naira zuwa sefa, to ya zama shamaki.

Yadda ake gane bambancin

Ba a gane inda lissafin mutum ya zauna sai ranar da lissafin ya rushe, mutanen wannan yanki kuwa sun ga irin waɗannan ranaku da yawa. Dattawa suna tuna zamanin da gyaɗa take ita ce kuɗin ƙasar Magarya, har farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa bayansa suka karya wannan kasuwa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020, mai kiwon da ya saba kai dabbobinsa kasuwar Alhamis ta can ya rasa yadda zai yi. A 2023 aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli, darajar naira kuma ta zube, wanda ya yi rani yana tara ta a Kano ko Legas ya iske abin da zai canza ya ragu ƙwarai.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da manomin Bande ko ɗan kasuwar Dogo-Dogo ya shirya wa kansa. Mutum biyu suka yi asara iri ɗaya. Ɗaya ya shiga gida da faɗa, ya daina zuwa wazifa, ya fara tauye mudu don ya maida abin da ya rasa. Ɗayan ya yi istirja'i, ya ɗauko takardarsa ya sake sabon lissafi, magariba ta yi ya shimfiɗa buzunsa inda ya saba. Dukkansu sun yi shiri, amma na biyun shi ne mai tawakkali, domin tun farko ya san shi mai shuka ne kawai, ruwa yana hannun Wani.

Buri mai iyaka

Burin murid ya bambanta da na ɗan duniya ta wurin abu ɗaya: yana da inda ake cewa ya isa. Wanda burinsa shi ne ya samu kuɗi, ba ranar da zai kai, domin kuɗi ba su da gaɓa. Wanda burinsa shi ne cimakar gidansa ta kai shi sabon gero, wannan ya san lambar da yake nema, idan ya kai ta kuma zuciyarsa ta huta ta koma ga zikiri.

A ɗauki misalin gidan da ke cin tiya biyu a yini. A shekara yana bukatar tiya 700 da 'yan kai, wato kusan buhu 18 idan buhu yana cin tiya 40. Magidancin da ya san wannan lamba ba zai kwashi hatsinsa ya kai kasuwa da kaka, lokacin da yake arha, don ya yi bikin da za a daɗe ana labari, sannan a watan Yuli da Agusta ya koma yana sayen tiya da tsada ko yana cin bashin da zai biya da amfanin gonar da bai nuna ba. Wanda bai san lambarsa ba kuwa, yakan kira sakacinsa ƙaddara.

Shari'a ta riga ta jera wa mutum abin da zai gabatar. Zakkar amfanin gona tana fita ranar girbi idan ya kai nisabi: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga abin da aka sha wahalar ban ruwansa. Sai ciyar da iyali, da tufatar da su, da muhallinsu. Sai bashin mutane, wanda yake rataye mai shi ko bayan mutuwa. Sai irin shuka, da ɗan abin da za a jingine saboda rashin lafiya ko haihuwa, ko da akuya biyu ce. Bayan waɗannan ne babur da ginin siminti da ƙarin aure suke samun wuri.

A nan akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata 'yan'uwa su haɗiye. Hadiyya ga shehi alheri ce, ziyara zuwa Kiyota ko Kaulaha ko Fas alheri ce, hidimar Maulidi alheri ce babba. Amma dukkansu nafila ne, ciyar da mata da 'ya'ya kuwa wajibi ne. Wanda ya sayar da hatsin gidansa ya yi kuɗin mota, ya bar maiɗakinsa tana aron tiya a maƙwabta, bai fahimci tarbiyyar da ya je nema ba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Mai son ziyara da gaske sai ya sa ta cikin lissafinsa, ya riƙa jefa mata kaɗan-kaɗan a asusu har ta cika, ya tafi ba haƙƙin kowa a wuyansa.

Lokaci ma dukiya ce

Mafi yawan masu lissafi kuɗi kawai suke ƙirgawa, suna manta cewa kwanakin da mutum ya yi nesa da gidansa su ma an kashe su ne, kuma ba a canjin su. Ƙasar nan mai yawan jama'a ce, gonaki suna ƙara tsukewa da rabon gado, shi ya sa da an gama kaka samari da magidanta suke watsuwa bida: wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya da Aljeriya. Ba wanda zai zargi mai neman halali. Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) da ya isa Madina ba shi da komai, hanyar kasuwa ya nema a nuna masa.

Sai dai iyali suna da haƙƙin da ba a aiko shi ta waya. Lokacin da Salmanu (R.A.) ya iske Abud Darda'i (R.A.) ya shagala da azumi da tsayuwar dare har matarsa ta fita hayyacin ado, sai ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana da rabonsa, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. Idan ibada ba ta zama uzurin tauye iyali ba, ina ga neman kuɗi? Sayyidina Umar (R.A.) ma ya ƙayyade wa mayaƙa watannin da za su yi ba su koma ga matansu ba, alhali jihadi suka fita.

Mai ja zai ce: wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi, talakan da geronsa ba zai kai shi wata biyar ba ina ya ga zaɓi? Gaskiya ne, larura tana da hukuncinta, kuma ba a ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Mai tafiya saboda giɓin buhu shida ya san abin da ya fita nema da ranar komowa, ya yi shawara da maiɗakinsa kafin ya ɗaura jaka, ya bar mata abin da za ta riƙe gida, ya wakilta amintacce a kan yara, ya dawo kafin ruwan shuka. Wanda ya fita ba lamba ba wa'adi kuwa, shekara takan zama uku, yaransa su tashi sun san muryarsa ba su san fuskarsa ba. Idan magidanta suka bar nauyi ya faɗa kan mata, abin yakan kai inda ba a so. Har yau jihar Damagaram ba ta manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara daga kudancin jihar. Allah ya jiƙansu.

Haka kuma adalci ne a tuna cewa abin da mace ta tara nata ne. Awakinta, da ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta, da zubinta na adashi ko na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro daga Maraɗi a 1991, ba sa cikin lissafin miji sai abin da ta bayar da daɗin rai. Magidancin da ya gina burinsa a kan asusun matarsa da tallan 'yarsa, ya gina shi ne a filin da ba nasa ba.

Darasin gawo

Mai bin hanya tsakanin Magarya da Matamai da Mirya zai ga gonaki cike da itatuwan gawo, waɗanda manoma suka raina da hannunsu ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa. Gawo yana da hali na ban mamaki. Da damina, lokacin da kowane itace yake taƙama da ganye, shi zubar da nasa yake yi, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa. Da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore, ya ba da inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Haka ake son magidanci ya zama: ya kame hannunsa lokacin yalwa da kowa ke fantamawa, domin iyalinsa su samu inda za su fake lokacin tsanani. Wanda ya raini gawo kuma ya san ba bana zai ci moriyarsa ba.

Saboda haka ɗan'uwa ya zauna gindin rumbunsa ba tare da jin kunya ba. Ya fitar da haƙƙin Allah, ya ƙirga na iyali, ya rubuta bashinsa, ya sa wa burinsa iyaka da wa'adi. Ya keɓe wa laziminsa na safe da na yamma lokacin da kasuwa ba ta taɓawa, ya keɓe wa 'ya'yansa lokacin da zai ji karatunsu da kunnensa. Idan ya gama sai ya naɗe takardar ya sa aljihu, ya tafi wazifa da zuciyar da ba komai a cikinta sai Mai bayarwa.

Allah ya azurta 'yan'uwa da halali mai albarka da wadatar zuci, ya ba da damina mai albarka, ya maido matafiya gidajensu lafiya, ya raya zuriya a kan son Annabi (S.A.W.), albarkacin Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A.) da sauran bayinsa na gari. Amin.